Yadda Na Koyi Bambance Kuskuren Gidan Buga Kuɗi da Aikin Hannun Mutum

Tsabar da ta fara koya mini hankali wata senti ce ta Amurka wadda gefenta ya gutsure kamar jinjirin wata, kuma wanda ya sayar mini da ita ya tabbatar mini cewa haka ta fito daga gidan buga kuɗi. Na yi kusan shekara ina alfahari da ita, har ranar da na nuna wa wani dattijo da ya daɗe yana tara tsabobi. Bai ko dubi giɓin ba, sai ya ƙura wa ɗaya gefen ido, sannan ya miƙo mini ita ya ce, "Ɗana, wannan bayan ta fito aka yanke ta."

Bayanin da ya yi mini ya dogara ne kan yadda ake ƙera tsaba. Da farko ana huda faifan ƙarfe daga dogon falle, sai a bi da shi ta injin da ke matse gefensa domin bakinsa ya taso, daga nan a sa shi cikin zobe tsakanin hatimai biyu a buga. Idan mahudin ya hau kan wurin da aka riga aka huda, faifan zai fito da giɓi, kuma da yake injin tayar da baki yana matsawa ne daga ɓangarori biyu masu fuskantar juna, giɓin yakan hana matsin cika, sai bakin da ke daura da shi ya fito a raunane. Masu tara tsaba suna kiran wannan alamar Blakesley. Haka kuma haruffan da ke kusa da giɓi na gaskiya sukan dushe, domin ƙarfen ya malala wajen da babu komai lokacin bugu. Tawa kuwa bakinta cikakke ne ta ko'ina, haruffanta raɗau har gaɓar yankan. Daga baya na fahimci cewa ƙaramin giɓi ba kullum yake barin wannan alama ba, saboda haka ba na yanke hukunci da ita kaɗai.

Tun daga ranar na daina tambayar ko tsaba ta yi kama da mai kuskure, na koma tambayar a wane mataki na ƙira abin da nake gani zai iya faruwa. Idan na bi matakan nan uku ban sami inda zan ajiye shi ba, to hannun mutum ne ko wahalar yawo.

Wannan tambaya ta fi yi mini amfani a kan sentin 1943. A shekarar Amurka ta buga sentinta da baƙin ƙarfe mai rufin tutiya domin ana buƙatar jan ƙarfe wajen Yaƙin Duniya na Biyu, amma wasu faya-fayen tagulla kaɗan da suka rage daga 1942 sun shiga inji, suka zama cikin tsabobin da aka fi nema. An taɓa kawo mini guda biyu. Ta farko ko minti ɗaya ba ta ci ba, domin maganaɗisu ya cafke ta nan take: ta ƙarfe ce aka shafa wa jan ƙarfe, nauyinta wajen giram 2.7, alhali ta tagulla tana kai giram 3.11. Ta biyu ce ta wahalar da ni, saboda ta tsallake maganaɗisu, ta kuma cika nauyi a sikeli. Sai da na sa gilashin ƙara girma na lura cewa lambar 3 ɗinta gajeriya ce a dunƙule, ba ta da doguwar jelar da ke saukowa ƙasa kamar ta sauran sentin shekarar, kuma filin da ke gefenta ya ɗan lotsa. Sentin 1948 ce aka kankare rabin lambar 8.

Ninkin rubutu ya fi rikitarwa, domin a nan ba lallai a sami mai ha'inci ba. Shahararriyar sentin 1955 ta gidan bugu na Filadelfiya ta samu ninkinta ne daga hatimin kansa, shi ya sa shekarar da haruffan suka fito biyu-biyu, kowanne a tashe da kumburinsa. Wanda ake yawan gani kuwa na girgizar inji ne bayan bugu, inda hoto na biyu yake kwance fale-fale kamar matakala, ya kuma ci kaurin harafin. Shi ma a gidan bugu ya faru, sai dai masu tara tsaba ba su cika ba shi daraja ba.

Senti biyar ta gidan bugu na Denba ta 1937, mai ɓauna da ƙafa uku, ta fito ne daga hatimin da aka goge fiye da kima, kuma a ta gaskiya kofaton ƙafar da ta ɓace yana nan, ƙafar baya kuma kamar gara ta ci ta. Wadda aka goge da magagari takan bar karce a wurin. Tsaba mai hoton kai a fuskokinta duka biyu kusan kullum haɗi ce, ana ganin siririn layi a cikin baki, kuma ƙararta a dushe take. Wadda aka jiƙa a asid takan sirance ta ƙanƙance, zanenta duka ya yi hazo.

Yanzu haka akwai wata a teburina mai harafin gidan bugu, wato ƙaramin harafin da ke nuna inda aka buga ta, da nake zargin manna shi aka yi, domin launin da ke kewaye da gindinsa ya bambanta da na sauran filin. Na auna ta, na gwada ta da hotunan na gaskiya, ban gamsu ba, don haka zan aika ta ga masu tantancewa irin su PCGS ko NGC, kuma ba zan wanke ta ba kafin ta tafi.