Maki takwas da Inna ta rasa tun kafin ta zauna

Har yanzu abin yana ci mini rai. Inna ta haura saba'in, allo ta yi, ba ta taɓa shiga lakkwal ba. Da mantuwa ta fara damunta muka kai ta a duba ko gigin tsufa ne, ni ce na yi ta fassara mata tambayoyin daga Faransanci.

Gwajin shi ne MMSE, na auna ƙwaƙwalwa da tambayoyi, wanda aka fitar a Amurka a 1975. Maki 30 ne, in mutum bai kai 24 ba sai a fara zargi. To ku lissafa tare da ni: cire 7 daga 100 a jere maki biyar, karanta jimla ɗaya, rubuta jimla ɗaya, kwafar zane ɗaya. Takwas ke nan, duk na ƴan boko. Saura 22. Ko kanta ƙalau yake, ta faɗi.

Aka ce, "Hajiya, 100 a cire 7?" Ta dube ni kawai. Matar da ta tsufa tana sayar da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli a Maradi, da dala da jika take lissafi, canji bai taɓa shige mata ba. Da aka tambaye ta watan da ake ciki kuma, na Musulunci ta faɗa, aka ƙi ba ta makin.

Takardar sakamakon gwajin nan ce ta sa Yaya ya karɓe jarinta. Masu saye suka watse, Inna ta koma zaman shiru a tsakar gida. Saboda maki takwas fa!

Likita na biyu ya ajiye takardar, ya zaunar da ƙanwata da ke kwana da ita: tana gane hanya? Tana ƙona girki? Yaya take in aka kwatanta da bara? Haka wani gwajin ƙwaƙwalwa mai suna CSI-D yake, wanda aka yi aiki da shi a Ibadan, ana haɗawa da bayanin na kusa. Ya duba ji da ganinta, ya ce a dawo bayan wata shida a kwatanta.

Ku faɗa wa likita iyakar karatun tsohonku kafin tambaya ta farko, kuma kada ku taɓa jarinsa saboda gwaji ɗaya. Ko MoCA, wani gwajin irin wannan, maki ɗaya tak yake ƙara wa mai ƙarancin karatu. Masu boko ma a kula: tsohon malami yana iya cinye gwajin alhali ciwon ya soma, don haka a faɗa wa likita abin da ake gani a gida.