Ɗari, Ƙari ko Ɓari?

Ranar goma ga azumin bana na biya ta shagon ɗinkin Yaya a Tudun Wadan Zariya bayan la'asar, don in kai yadin Sallar yara. Na tarar da ɗanta na biyu zaune kan benci a lungun da ake jibge atamfofi, kwamfuta a cinya, ya toshe kunnuwa. Yaron yana aji biyu a jami'a can Samaru, yana karanta kimiyyar kwamfuta. Bara ya rubuta wa uwarsa wata 'yar manhaja da take ajiye awon masu kawo ɗinki: tsawon riga, kafaɗa, hannu, ƙugu, wanda ya biya, wanda ake bi, da ranar da aka yi alkawarin gama kaya. Manhajar ba ta da kyan gani, amma tana aiki, har yaran shago sun iya ta. Na leƙa na ce me ake ciki. Ya zare abin kunne ɗaya ya ce, "Kawu, goge ta zan yi gaba ɗaya in sake da React. Wannan kod ɗin kunya yake ba ni." React wani kayan aiki ne na gina manhaja, kod kuwa shi ne rubutun umarnin da manhaja take bi.

Na ce ka ɗauki kwafin bayanan? Ya ce ai suna nan cikin kwamfutar.

Gabana ya faɗi, don da bakina na taɓa ba da wannan amsar, kuma har yau ina biyan kuɗinta.

A 2011 na fara tawa manhajar. Lokacin ina koyarwa a wata sakandare, da yamma in hau acaɓa zuwa wani kafe a Samaru in sayi awa ɗaya, ina tsintar PHP, wani yaren rubuta manhaja, da MySQL, rumbun ajiye bayanai, daga duk abin da na ci karo da shi a intanet. Ba neman aiki ya sa ni ba, Gwaggo ce, yayar mahaifina, da ke zaune cikin Birni ba nisa da Ƙofar Doka. Ta haura tamanin, kanta cike da abin da ba wanda ya rubuta: waƙoƙin daka da na niƙa, tatsuniyoyi, kirarin unguwanni, sunayen tsofaffin miya da kayan saƙa da na rini, da kalmomin Zazzaganci waɗanda ni da aka binne cibiyata a garin ban taɓa ji ba. Duk Juma'a in an sauko daga masallacin fada sai in wuce gidanta. Ina ganinta har yanzu, zaune kan tabarma a ƙofar ɗaki tana goga goro a magogi saboda haƙora sun ƙare, in ta tuno wani baiti sai ta ɗaga yatsa ta ce, "Rubuta wannan, ɗan nan, kafin ya gudu." In rubuta a littafin makaranta, da dare in shigar cikin manhajar da na haɗa a kwamfutata da XAMPP, ƙunshin da ke tayar da PHP da MySQL a kan kwamfuta. In na buga kalma sai ta fito mini da duk waƙa ko tatsuniyar da kalmar take ciki, da ranar da Gwaggo ta faɗa. Shekara uku muna haka.

Littattafan kuwa, da zarar na shigar da abin da ke ciki sai in ga sun gama amfani. Na zuba su a kwali na tura bayan ƙofar zaure, wata damina gara ta gama da su. Muryarta da na ɗan ɗauka a waya ta tafi tare da wayar a cunkoson kasuwar Sabon Gari. Duk ban damu ba, tunda komai yana nan cikin kwamfutar.

Abin da ban sani ba shi ne tun ranar farko na dasa wa kaina ƙaya. A wancan zamanin, in ka buɗe rumbun bayanai a MySQL ba ka ce komai ba, tsarin haruffan da yake ɗora maka shi ne latin1, na harsunan Yammacin Turai, wanda babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ a cikinsa. Sai a MySQL 8.0, a 2018, aka mayar da na asali ya zama utf8mb4, wanda ke ɗauke da haruffanmu. Ni kuma ina tura rubutu da wani tsarin haruffa dabam, UTF-8, inda kowane harafi mai lanƙwasa yake cin gurbi biyu. Rumbun yana karɓa ya ajiye shi kamar baƙin haruffa biyu, in na nema ya dawo da su yadda suka shiga, allo ya nuna mini daidai. Kuskure biyu suka rufa wa juna asiri shekara uku. A 2014 na sayi sabuwar kwamfuta, na kwashe bayanan na zuba a can, na goge tsohuwar na ba ƙanena. Ina buɗewa na ga duk inda ƙ take ta koma Æ™, ɗ ta koma É—, ɓ ta koma É“.

A wannan matakin ba abin da ya ɓata, yanzu na san haka. Haruffan suna nan, rigarsu ce kawai aka sauya, wanda ya san kan abin zai dawo da su cikin minti goma. Amma an kawo wuta ƙarfe ɗayan dare, ina sauri kafin a ɗauke, na samo wani umarni a intanet wanda ban fahimta ba, na buga shi a kan rumbun. Ban ga canjin da nake so ba, na sake bugawa, na ƙara da wani. Fayil ɗin da na kwaso bayanan da shi kuwa na riga na danne shi da sabo mai suna iri ɗaya. Da gari ya waye, kowane harafi mai lanƙwasa ya zama alamar tambaya. Garin neman gira na rasa ido.

Wani zai ce ai Bahaushe ne kai, ka bi ka gyara. Na bi, na gyara da yawa. In ka ga ?asa ko ?aki a cikin jimla ka san me ake nufi. To amma ?ari fa, a baitin waƙar daka da ba ta bin hanyar zancen yau da kullum? Ɗari ne, ƙari ne, ko ɓari? Kalmomin Gwaggo na da, waɗanda dominsu na fara aikin, su ne ban da yadda zan yi in canka, don ban san su ba sai daga bakinta.

Ga inda laifina na gaske yake, wanda ban cika faɗa ba. Gwaggo tana raye. Ta ƙara shekara uku a duniya bayan wannan daren, da hankalinta garau. Abin da ya kamata in yi bai wuce in buga komai a takarda, in riƙa zuwa duk Juma'a ina karanta mata tana gyara mini ba. Maimakon haka sai na ɗora wa manhajar laifi, na ce ginin ne ba shi da kyau tun tushe, sai na sake. Na fara sakewa. Ina tsaka da haka PHP 7 ta fito a Disambar 2015, aka cire tsofaffin umarnin mysql_ da na gina komai a kansu, waɗanda tun 2013 ake gargaɗin za a cire ban kula ba. Na sabunta XAMPP, tsohuwar manhajar ta ƙi tashi. Gyaran aikin Asabar da Lahadi biyu ne, a mayar da su sababbin umarnin mysqli ko PDO. Ni kuwa na riƙe wannan hujja na watsar da PHP ɗin ɗungurungum na koma wani yaren, Python. Ban kai rabi ba na ji ana zancen JavaScript ya mamaye ko'ina, na sake komawa farko. Foldodi suka taru: sabo, sabo2, na_karshe, na_karshe2. Babu ɗaya da na kai matakin da zan shigar da baiti guda.

Ba zan ce duk wauta ce ba, kuma ba na son a yi mini hukunci da ma'aunin yau. Ba ni da malami. Duk abokan aikina ba wanda ya san me nake yi, balle ya ce mini tsaya. Data tsada, wuta sai an ga dama, janareta na maƙwabci ne. GitHub, shafin da ake ajiye kod a intanet, a lokacin sai ka biya da dala kafin ka ajiye kod a asirce, sai a Janairun 2019 suka buɗe wannan kyauta, ni kuwa ina na ga katin dala da albashin malamin makaranta? Kuma sake-saken nan da nake zargi, a cikinsa na koyi aikin da nake ci da iyalina yau. Da ban rushe na gina sau uku ba, da ban iya ba. Wannan gaskiya ne. Sai dai Git kansa, manhajar da ke adana tarihin duk canjin da ka yi wa kod, wanda Linus Torvalds ya ƙirƙira tun 2005, kyauta ne, ba ya buƙatar intanet ko dala, a kan kwamfutarka yake zaune. Na ji labarinsa, na ce na manyan kamfanoni ne. Filasha kuwa ko a bakin titin PZ ana sayarwa. Hujjojina suna tsayawa ne daidai inda na daina bincikarsu.

Zuwana gidan Gwaggo ya koma wata-wata, daga nan sai Sallah. Ganinmu na kusa da ƙarshe ta ce, "Ɗan nan, ka daina rubutun ne?" Na ce ina gyaran na'urar ne, Gwaggo, in na gama za mu ci gaba. Ta ce to Allah ya ba da iko. Ta rasu cikin hunturun 2017. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta.

Duk wannan na so in zauna in warware wa ɗan Yaya, har na tsara abubuwa kusan goma a raina. Ina magana yana duba waya. Na kawo masa labarin Netscape, waɗanda suka ajiye manhajarsu ta shiga intanet suka ce sai sun sake daga tushe: siga ta huɗu ta fito a 1997, ta shida sai ƙarshen 2000, kafin nan kishiyarta Internet Explorer ta kwashe kasuwa. Ya ce mene ne Netscape. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya da yaran yanzu ke nan. Komai yana hannunku, data ta yi araha a kan da, darasi kyauta a YouTube, ga manhajojin da za ka yi wa magana su rubuto maka kod shafi guda, amma ba wanda zai zauna ya karanta layi ashirin da ya liƙa ya san me suke yi. Abin bara tsoho ne a wurinku. Wani ya yi bidiyon minti takwas ya ce kaza ya mutu, shi ke nan kun bi. Kuma ku yi ta jin kunyar kod ɗin da ke aiki, ba ku jin kunyar wanda ba ku gama ba.

Goman nan dai ba su fito ba. Ga abin da ya fito, gare shi da duk mai irin shekarunsa.

Kar ka taɓa komai sai ka ɗauki kwafi, kuma bayanan nake nufi kafin kod. Kod in ya ɓata za ka sake rubutawa, wataƙila ma ya fi na da. Awon matar da ta zo daga Giwa ta koma, ko bashin da aka rubuta wata huɗu da suka wuce, ba ka da inda za ka samo. Ka fitar da su da mysqldump, umarnin da ke kwashe rumbun bayanai zuwa fayil, ka kuma fitar da su a fayil na rubutu zalla da UTF-8 wanda kowace kwamfuta za ta buɗe ko bayan shekara ashirin. Ɗaya a filasha da ba ta kwana jaka ɗaya da kwamfutar, ɗaya a intanet. Sannan ka buɗe kwafin a wata na'ura ka gani da idonka, ka nemi suna mai ƙ ko ɗ ka tabbata yana nan lafiya. Kwafin da ba a gwada ba, zato ne kawai.

Kar ka rushe. Abin da ke damunka a ciki ka gyara shi shi kaɗai, ka adana a Git da bayanin abin da ka canja, gobe ka kama wani. In yana aiki ka bar kaza cikin gashinta. Na san yanzu na gama ba da labarin yadda na bar tawa ba sabuntawa har ta ƙi tashi, to kar ka bar ta haka nan ma, ka riƙa bin gargaɗin da ake fitarwa kana sabuntawa da kaɗan-kaɗan. Ka taɓa, kar ka taɓa, duka biyun nake nufi, kuma ba ni da ma'aunin da zan ba ka na inda ɗaya ya ƙare ɗaya ya fara. In kuma React ɗin kake ƙishirwa, koye shi, ni ma ta haka na koya, amma a wata folda dabam, da bayanan ƙarya, ba a kan abincin uwarka ba, ba kuma saura kwana ashirin Sallah ba, lokacin da tela ba ya ɗaga kai daga keke. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ya ce, "Kawu, ai yanzu ba kamar zamaninku ba ne." Raina ya ɓaci, na ciro filashata daga aljihu na ce ɗauki kwafin yanzu ina tsaye. Ya ja tsaki ƙasa-ƙasa ya kwafa, bai fi minti ɗaya ba ya miƙo mini. Na ce mu je mota, tawa kwamfutar tana can. Muka buɗe. Fayilolin kod ne reras, babu awon mutum ko ɗaya, babu bashi, babu ranar alkawari. Foldar da yake rubutu a ciki ya kwafa, bai san rumbun bayanan a wani wuri dabam yake zaune ba. Ya yi shiru yana kallon allon, sannan ya zare ɗaya abin kunnen.

Muka koma shago muka fitar da bayanan yadda ya kamata, muka gwada, suka buɗe, ana kiran magariba muna kai. Yaya ta miƙo mana dabino da kunu. Yana sha yana ce mini bayan Sallah dai zai sake ta, na ce bayan Sallah ka zo gida mu zauna. Da zan tafi na hango tsohon littafin awon Yaya a ƙarƙashin teburin yanka, bangonsa ya yage, an ɗora masa gwangwanin maɓallai. Na ce, "Yaya, wannan littafin fa?" Ta ce tun da yaron ya kawo na'ura ta daina rubutu a ciki, jira take ta samu mai ƙosai ta ba ta. Na ɗauko shi na kaɗe ƙurar, na ce ta sa a leda ta ajiye a saman kabad inda gara ba ta kaiwa, kuma daga gobe duk awon da aka shigar a kwamfuta a rubuta shi a nan ma.