Ranar da muka ƙara wa tagwaye kati

Garwa, Talata, tsakiyar Janairu

Yau Allah ya yi, mun gama aikin da aka daɗe ana ɗagawa: mun ƙara katin sadarwa a otomat ɗin, wato kwamfutar sarrafa injina, da ke tuƙa sashen tatsar man ƙwayar auduga, kuma masana'anta ba ta tsaya ba ko na ƙiftawar ido. Hannuna har yanzu warin armuwar, akwatin kayan lantarkin, yake yi, amma gara in rubuta tun abin yana da ɗumi a kaina.

Otomat ɗinmu Siemens ne, samfurin S7-400H. Ƙwaƙwalwa biyu gare shi a kan ragi ɗaya da aka raba gida biyu, gurbi tara nan, gurbi tara can, kowane ɓangare da nasa katin wuta da nasa batir. Ɗaya yana jan ragama, ɗayan yana biye da shi, kuma duka biyun lissafi ɗaya suke yi a lokaci ɗaya, suna gaya wa juna inda suka kai ta siraran wayoyin gilashi guda biyu da suka haɗa su. Idan na gaba ya faɗi, na baya ya karɓa, bawul bai motsa ba, famfo bai yi tari ba. Tun kafin in zo wurin nan ma'aikata suke ce musu Hassan da Usaini, kuma sunan ya zauna daidai, domin dokar tagwaye ce a kansu: abin da ka ɗinka wa wannan sai ka ɗinka wa wancan, yadi ɗaya, ɗinki ɗaya.

A kan wannan muka yi ta ja da shef ɗin samarwa makonnin baya. An gina sabuwar rumfar ɓare ƙwayar auduga, an kafa mata armuwar da tashar tattara sigina ET 200M a ciki, ana so a jawo ta cikin otomat ta sabon layin sadarwa na Profibus. Layukan da ke jikin ƙwaƙwalwar sun riga sun ɗauki kayansu, saboda haka sai an ƙaro kati na waje, CP 443-5 Extended. Kati ɗaya ne ya fara isowa daga Duwala. Shef ya ce, "Malam, ka sa wannan ɗin mu fara aiki, in na biyun ya zo ka ƙara." Na ce masa, "Shef, ka yi mini haƙuri. In na sa wa Hassan shi kaɗai, ranar da Hassan ya kwanta Usaini zai karɓi komai ban da sabuwar rumfa. Kuɗin da aka kashe aka sayi biyu ya tashi a banza ke nan." Bai ji daɗi ba, ni ma na san matsin da ke kansa, lokacin kaka ne, manyan motoci suna layi da ƙwaya tun daga bakin ƙofa. Amma ya saurare ni, muka jira. Na biyun ya iso ranar Alhamis, lambar oda ɗaya, sigar manhajar ciki ɗaya. Sai da na duba wannan da idona a jikin takardar da ke manne da kowane kati kafin in ce a sa rana.

Da safe ban taɓa armuwar ba sai wajen ƙarfe goma. Duk abin da ya gabaci wannan shiri ne, kuma a ganina nan aikin yake. Na kwafe dukan shirin da ke cikin otomat na adana a wuri biyu. Na gwada abin da ke kwamfutata da abin da ke gudana a ciki, suka zo ɗaya. Na tabbatar tubalan kama kuskure suna nan, su OB82, OB83, OB85 da OB86, domin idan babu su, ƙaramin abu kamar tashar da ba ta amsa ba yana iya jefa ƙwaƙwalwa cikin STOP, kuma wannan shi ne abin da ba ma so ya faru sa'ad da ɗaya ne kawai a tsaye. Na duba fitilun batir a katin wuta, babu ja. Na lissafa abin da sabon kati zai ja daga wutar bolt 5, akwai sarari. Sannan na je wurin masu janareta. Wutar arewacin Kamaru mafi yawanta daga madatsar Lagdo take zuwa, megawat 72 a kan kogin Binuwai tun farkon shekarun 1980, kuma duk wanda ya zauna a Garwa ya san yadda take yi idan rani ya fara shan ruwan tafki. Na roƙe su su tsaya kusa da injinsu har in ce an gama, na kuma duba batiran ondila, na'urar da ke riƙe wuta idan an ɗauke.

Yaron da ke koyon aiki a hannuna ya tambaye ni me ya sa ba za mu jira ranar gyaran shekara ba, a kashe komai a yi a natse. Tambaya ce mai kyau. Gyaran shekara sai bayan an gama matsar ƙwayar bana, ita kuwa sabuwar rumfa yanzu ake bukatarta. Kuma tsayar da sashen tatsa ba kamar kashe fitila ba ne. Da hegzan ake wanke ragowar mai daga tunkuza, ruwa ne mai saurin kama wuta da ke tafasa wajen digiri 69, ga tururi, ga zafi a bututu. Tsayar da shi da tayar da shi aiki ne na sa'o'i, kuma a waɗannan sa'o'in ne haɗari ya fi yawa. Don haka aka sayi otomat mai ƙwaƙwalwa biyu tun farko.

Iskar hunturu ta bushe ƙwarai yau, irin wadda in ka taɓa ƙofar ƙarfe sai ta ɗan cije ka. Na sa shi ya ɗaura igiyar sauke caji a wuyan hannunsa, ni ma na ɗaura tawa, kuma ba mu fito da kati daga jakarsa ba sai da lokacin sa shi ya yi. Mun rufe ƙofar ɗakin saboda ƙura. Na gargaɗe shi kada hannunsa ya kai kan wayoyin gilashin nan, ƙwayar ƙura ɗaya a bakinsu ta isa ta raba tagwayen.

Ga yadda abin ya tafi. A kwamfuta na riga na zana sabon tsari, kati a gurbi na shida na kowane ɓangare. Na tsayar da Usaini, fitilar REDF ta kama ja a jikin Hassan, wato ya san shi kaɗai ne. Na loda wa Usaini sabon tsarin, na kashe wutar ɓangarensa, domin wannan irin katin ba a cusa shi da wuta a jiki. Yaron ya rataya katin daga sama, ya danna shi ya zauna, ya ɗaure sukurori biyu, muka jona wayar nan mai launin shunayya da kowa ya san Profibus da ita, muka mayar da wuta. Daga nan na ba da umarnin a koma kan ƙwaƙwalwa mai sabon tsari. Usaini ya jona da ɗan'uwansa, ya kwashi duk ƙididdigar da ke hannunsa, fitilar MSTR mai nuna wanda ke jan ragama ta bar Hassan ta koma kansa, Hassan ya tsaya.

A wannan ɗan tsakanin ban ce wa kowa uffan ba. Baba mai kula da tukunyar tururi yana kan rediyo daga can, na ce, "Baba, me ka gani?" Ya ce, "Ɗana, allura ko motsi ba ta yi ba. Ci gaba da abinka." Maganarsa ta fi mini duk fitilun da ke gabana, shi ya fi kowa sanin numfashin injinan nan.

Muka yi wa Hassan abin da muka yi wa Usaini, gurbi ɗaya, kati iri ɗaya. Na tayar da shi, REDF ta yi ta ƙyaftawa yana karɓar bayanai, can sai ta mutu. Sun koma biyu. Duka zaman kaɗaicin bai kai sa'a ɗaya ba, amma rigata ta jiƙe duk da sanyin na'urar da ke ɗakin.

Sai dai sabon katin Hassan ya ƙi ganin tashar rumfa, fitilar layinsa tana ƙyafta ja, na Usaini kuwa lafiya lau. Muka taka zuwa rumfar. Na fara da abin da ya fi yawan jawo wannan, makunnin rufe layi da ke jikin fulogi na ƙarshe, na same shi a kunne yadda ya kamata. Koriyar waya tana A, ja tana B. Tsawon layin bai kai mita 200 da gudun megabit 1.5 ya yarda da shi ba. Da na buɗe murfin katunan IM 153-2 guda biyu da ke haɗa tashar da layi sai ga abin: waɗanda suka haɗa armuwar sun ba ɗaya adireshi 5, ɗayan 6. Na gane tunaninsu, an koya wa kowa cewa na'ura biyu ba sa raba adireshi ɗaya a layi. Gaskiya ne, amma waɗannan ba layi ɗaya suke ba. Kowane kati yana kan wayarsa, ɗaya zuwa Hassan, ɗaya zuwa Usaini, kuma tasha ɗaya suke wakilta, don haka lamba ɗaya ake ba su. Na bar yaron ya yi tunani har ya faɗi wannan da bakinsa, sannan ya gyara ƙananan makunnan, muka ɗauke wa katin wuta muka mayar domin ya karanta sabuwar lambar. Kafin mu koma ɗaki jar fitilar ta mutu.

Bayan sallar la'asar muka yi gwajin da ni a wurina shi ne hujja. Na kira shef ya tsaya a bayana. Muka zare fulogin sabon layi daga ɓangaren da ke jan ragama, tashar rumfa ta koma ɗaya layin, ma'aunin zafin da muka jona don gwaji ya ci gaba da nuna lambarsa a allo. Muka mayar, muka zare na ɗaya ɓangaren, haka. Shef ya daɗe yana kallon allon, sannan ya ce, "To Malam, na ga abin da kake faɗa. Sannu da aiki." Ya aika aka kawo mana shayi da gasasshen kifi daga bakin gada.

Kafin in tashi na sake kwafe shirin da sabon tsarinsa, na rubuta kwanan wata a kai, na gyara zanen armuwar da jan biro, na manna wa sabbin wayoyi lamba. Na rubuta a littafin miƙa aiki cewa yanzu Usaini ne ke gaba, kada masu aikin dare su ga MSTR a wancan ɓangaren su ɗauka wani abu ya lalace. Na kuma rubuta wa ma'aji takardar neman kati na uku da za a ajiye a sito, domin daga Duwala zuwa nan tafiya ce, kuma ranar da ɗaya ya ƙone ba ranar jira ba ce.

Gobe in Allah ya kai mu za mu fara bin siginonin rumfar ɗaya bayan ɗaya, daga injin ɓare ƙwaya na farko. Na ce wa yaron ya zo da mitarsa da wuri, shi zai riƙe takardar.