Ba maganar waya ba ce

Yaya ta hana ni sukuni yau, kuma na tabbata ita tana can hankalinta kwance.

Wajen ƙarfe tara ta kira. Muka gaisa, ta tambayi yara, ta tambayi ƙafar Abbansu. Sai ta sassauta murya ta ce, "Ke, akwai maganar da nake so mu yi." Na ajiye abin da ke hannuna na gyara zama. Ta ɗauko zancen ke nan sai ta yi tsit.

"Kina jin abin da nake ji?"

"Me kike ji, Yaya?"

"Muryata ce take dawo mini. Duk abin da na faɗa sai na ji an maimaita. Ana sauraronmu."

Na yi dariya har da ƙwalla. Na ce, "Haba Yaya, wa zai bar aikin gabansa ya zauna sauraron ni da ke?" Ta ce, "Ke dai har yanzu yarinya ce. Wannan ba maganar waya ba ce, sai mun haɗu." Ƙit, ta kashe.

Ni mai 'ya'ya uku, wai yarinya.

Na jiƙa wanki. Na manta da shi.

Da rana Auta ya leƙo karɓar cajarsa, na tsare shi a bakin ƙofa, tunda shi ne ya yi karatun abin. Na kwashe labari na ba shi ina jira mu yi wa Yaya dariya tare. Ya yi, amma kaɗan. Ya ce amsa-kuwwar nan daga wayata take: muryar Yaya ta fito ta sifikata, ta sake faɗawa makirfona, ta koma mata a makare. Sannan ya faɗi abin da ya tsaya mini a rai har yanzu: "Anti, mai sauraron waya ba ya tari. A zamanin tarho mai igiya ne in wani ya ɗaga kai a ɗaya ɗakin za ki ji ƙas. Yanzu kwafin kiran ake ɗauka a cikin kwamfuta, ko motsi ba za ki ji ba."

Na ce, "Wato ana iya ji ke nan?"

Ya ce, "Sosai ma."

Nan dariyata ta tsaya. Na ja masa kujera.

Ya ce wayoyin hannu na shekarun 1980 rediyo ne kawai, magana a buɗe take tafiya a iska, duk mai na'urar kama tashoshi zai iya tsintar hirar mutane. Da GSM ya zo a 1991 sai aka sa wa magana kwaɗo tsakanin waya da ƙarfen sabis, sunan kwaɗon A5/1. A ƙarshen 2009 wani Bajamushe mai suna Karsten Nohl ya tsaya gaban taro a Berlin ya nuna cewa kwaɗon nan ya zama na wasan yara. Kuma ko da kwaɗon yana da ƙarfi, iyakarsa ƙarfen sabis. Da muryarki ta shige hannun kamfani, a buɗe take gare su, shi ya sa hukuma ke iya zuwa da takardar kotu a jona mata layin mutum.

Na ce to ai wannan hukuma ce. Ya ce ƙofar da aka yanka domin hukuma, ɓarawo ma ya san hanyarta. A Girka, tsakanin 2004 da 2005, wasu sun kutsa cikin na'urorin kamfanin waya na Vodafone suka kunna wannan ƙofar da kansu, suka shafe watanni suna sauraron layuka sama da 100, har da na Firaminista Kostas Karamanlis. Firaminista fa. Shi ma bai ji ƙas ba.

Wanda ya fi ba ni haushi shi ne ƙarfen sabis na bogi. Ashe a tsarin 2G, wato GSM ɗin nan, waya ce kaɗai take gabatar da kanta, shi ƙarfen ba a tambayarsa ko shi wane ne. Duk wanda ya fi ƙarfin sigina shi take bi, kamar akuya ta hango mai dusa. Sai mutum ya ajiye wata 'yar na'ura a mota kusa da kai, wayarka ta ruga gare ta da murna. Daga 3G zuwa sama an gyara, kowa sai ya tabbatar wa ɗan'uwansa ko shi wane ne, don haka dabarar masu abin ita ce su dagula sabis har wayar ta gaji ta sauko 2G. Auta ya karɓi wayata ya shiga saiti, ya nuna mini wurin da ake kashe 2G gaba ɗaya. Ya ce tun Android 12 aka sa shi, amma ba kowace waya ke da shi ba. Tawa tana da shi. Na kashe, na ji kamar na yi wani abin kirki.

Ya ɗauki cajarsa ya tafi, ya bar ni da karatu. Kuskure.

A nan na ci karo da SS7, tsohuwar hanyar da kamfanonin waya na duniya suke magana da junansu, wadda aka gina tun lokacin da kamfanonin 'yan kaɗan ne kuma kowa ya yarda da kowa. A 2016 wani gidan talabijin na Amurka ya ba ɗan majalisa Ted Lieu waya, da yardarsa, aka miƙa wa Nohl ɗin nan lambar kawai. Yana zaune a Berlin ya naɗi hirar mutumin, ya kuma faɗi inda yake. Babu mota a ƙofar gida, babu taɓa wayar. Lamba kawai. A ƙarshen 2024 kuma, bayan an kutsa manyan kamfanonin sadarwar Amurka, jami'an gwamnatin ƙasar da bakinsu suka shawarci jama'a su koma kira da saƙo ta manhajojin da ke kulle magana daga waya zuwa waya.

Na san ba ni ake nema ba. Irin wannan aikin yana cin kuɗi da ƙwarewa, ba a ɓata shi a kan hirar ciwon ƙafa. Amma na zauna ina tuno abubuwan da na zuba wa wayar nan cikin shekara goma. Kukan da na yi daren da aka kwantar da Baba. Gulmar da ba zan so a sake kunna mini ita ba. Lambobin sirrin da na karanto da ƙarfi don wani ya cire mini kuɗi. Duk a zatona daga bakina sai kunne ɗaya. Abin da ya dame ni ba wai an ji ba ne, shi ne ko an ji ko ba a ji ba, a wurina shirun iri ɗaya ne.

Ƙaramin ya fasa kofi. Babban ya ce ba shi ba ne tun kafin a tambaye shi.

Da dare na sa abin kunne na sake kiran Yaya. Tsaf, babu amsa-kuwwa. Na ce, "Kin ji ko? Sifikata ce." Ta ce, "Uhm. Sun gane mun gane, sun gyara."

Na ce to mu koma WhatsApp, tun 2016 kiransa a kulle yake daga wayata zuwa tata, ko kamfanin layi ba ya jin komai. Ta ce, "Wannan ai shi ne ban yarda da shi ba ko kaɗan." Na buɗe baki zan yi gardama, sai na tuna ɗazun nan na karanta yadda a 2019 aka bi ta kiran WhatsApp aka dasa wata manhajar leƙen asiri mai suna Pegasus a wayoyin mutane wajen 1,400, wasu ko ɗaga kiran ba su yi ba. In ɓarawo yana cikin ɗaki, ƙarin kwaɗo a ƙofa ba ya hana komai. Na haɗiye maganata. Ba zan ba ta wannan makamin ba.

"Yaya, ko a dunƙule ne ki ɗan gutsura mini. Lafiya dai ko?"

"Lafiya lau. Asabar ina nan tafe."

Yau Talata. Na lissafa abu shida da zai iya zama, huɗu ba su da daɗi. Abbansu ya ce in kwanta, ƙila ma rance take so.

Wankin yana nan a bokiti.