Bayit huɗu sun cinye mini dare uku a kan SMBIOS

'Yan uwa, a ƙarshe dai Linux ya ga jadawalin SMBIOS (jadawalin bayanan kayan cikin kwamfuta) da 'yar manhajar tada kwamfuta da nake haɗawa a QEMU (manhajar kwaikwayon kwamfuta) ke shimfiɗawa. Alhamdulillahi, amma haushi bai gama sakina ba.

Duk kiran da na yi wa dmidecode, manhajar da ke karanta jadawalin, amsa ɗaya ce: babu mashiga, wato ɗan tsarin da ke nuna inda jadawalin yake. Na zazzage ƙwaƙwalwar na duba da idona. Ga "_SM_", alamar farkon mashigar, nan zaune daram, ga "_DMI_" bayit 16 a gabansa, jimillar tantancewa (checksum) ta ba da sifili kamar yadda ake so. To ina gizo ke saƙar? A adireshi. Na ajiye RSDP, manunin jadawalan ACPI (ƙa'idar bayyana kayan kwamfuta da sarrafa wutarta), a 0xF5A00, tsawonsa kuwa bayit 36 ne tun daga siga ta 2.0, sai mashigar SMBIOS ta bi bayansa kai tsaye, ta faɗa 0xF5A24. Shi kuma mai nema ba ɗaya-ɗaya yake bi ba. Daga 0xF0000 zuwa 0xFFFFF tsallen bayit 16 yake yi. Ya taka 0xF5A20, ya dira 0xF5A30, ya bar ta a tsakiya.

Rabin laifin na packed ne, umarnin da ake ba mai tara lamba (compiler) na C ya matse tsari. Yana cire ciko, amma yana kuma ba da damar a ajiye tsarin a kowane adireshi. Sai an haɗa shi da aligned(16), mai tilasta adireshin ya zama ninkin 16. In kuwa kwafowa kuke yi yayin tashi, ku ɗaga adireshin da (adireshi + 15) & ~15.

Daga nan sai zaƙewa ta kama ni, na daidaita kowane tsari na cikin jadawalin ma a kan 16. Kada ku yi! Tsari yana ƙarewa da sifili biyu, na gaba ya fara nan take. Sifilan cikon da na zuba, mai karatu ya ɗauke su a matsayin kan (header) sabon tsari mai tsawon 0, alhali kan tsari ba ya gaza bayit 4. Nan ya ce jadawali ya lalace, ya tsaya.

In adireshin jadawali ya canja, ku fara lissafa jimillar tantancewa ta ciki, bayit 15 daga 0x10 na mashigar, sannan ta bayit 31 ɗin mashigar gaba ɗaya.

Saura FACS, wani tsarin ACPI, shi adireshi ninkin 64 yake so, kuma ban ko taɓa shi ba.