Ƙashin da ya rasa lanƙwasa

Shekarata ta farko ina gyaran rubutu a wata ƙaramar maɗaba'a a Tudun Wada, Kaduna, aka ba ni kwafin gwaji na wani littafin labari. Ni na duba rubutun tun yana kwamfuta, har sau uku, don haka da kwafin ya iso sai na yi ta juya shafi kamar mai ƙirga kuɗi, na sa hannu.

Oga ne ya kira ni da la'asar, biro ja a bayan kunne. "Malam, karanta min shafi na 47, da ƙarfi." Na karanta: amarya ta zuba wa angonta tuwo, ta ɗora masa kashi a kai. Masu naɗe takarda suka fashe da dariya. Ƙashi marubucin ya rubuta. Mai tsara shafi ya canja salon haruffa a ƙarshe, sabon kuma ba shi da ƙ, ɗ da ɓ, sai ya bi su ya mayar k, d da b. Baƙi sun koma baki, ƙafa ta koma kafa, littafin gaba ɗaya.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne na bi ta kan shafin nan, idona ya ga kashi, kaina ya karanta ƙashi, saboda na riga na haddace labarin. Shi ya sa ba na yarda idan marubuci ya ce ya duba da kansa, ya fi ni haddacewa.

Allah ya rufa asiri ba a yi faranti ba, wato fallen ƙarfe mai ɗauke da shafuka da ake ɗaura wa injin bugawa. Da an yi, gyaran harafi ɗaya na nufin sabon faranti na shafukan da ke kansa duka, kuma daga albashina za a cire.

Yanzu rula nake sa wa ƙarƙashin kowane layi, wani lokaci in fara daga ƙasan shafi in yi sama, don labarin kada ya ɗauke ni. "A kan" da "akan" har yau muna musu a kansu da marubuta. Bangon littafi kuwa, mutum biyu nake ba su karanta min harafi-harafi, domin a can na taɓa tsintar sunan marubuci da harafi ɗaya a ɓace, bayan mutum huɗu sun sa hannu.