Yinin da Muka Yi Muna Neman Sarautar Sararin Samaniya

Mu shida muka haɗu a gidan wani abokinmu ranar Asabar da hantsi, bayan mun shafe kusan wata biyu muna neman ranar da kowa zai sami sarari, domin Twilight Imperium, wasan tebur na neman mulkin sararin samaniya, ba irin wanda ake bugawa tsakanin magariba da isha'i ba ne. Kamfanin Fantasy Flight Games na Amurka ne ya fara fitar da shi a 1997, mu kuwa bugu na huɗu muke da shi, wanda ya fito a 2017. Shirya teburin kaɗai ya ci mana fiye da rabin sa'a, saboda babu allo guda da ake shimfiɗawa. Wasu fale-falen kwali masu kusurwa shida ake jerawa har su zama taswira, a tsakiyarta kuma akwai duniyar Mecatol Rex, tsohuwar fadar daular Lazax da ta rushe, wadda kowa yake kwaɗayin gadon kujerarta.

Akwai al'ummomi 17 a cikin akwatin, kowace da baiwarta da rauninta. Ni na ɗauki Sardakk N'orr, wasu manyan ƙwari mayaƙa waɗanda ake ƙara wa ɗaya a kan duk abin da ɗan lidonsu ya nuna a fagen fama, amma suna fara wasa ba su da fasaha ko guda. Maƙwabcina na dama, wanda a rayuwar yau da kullum ma ɗan kasuwa ne, ya ɗauki Hacan, fatake masu siffar zakuna, waɗanda doka ta ba su damar yin ciniki da kowa ko da ba su haɗa iyaka ba. Na yi masa dariya a lokacin, na ce, "Alhaji, ko a sama ma ba za ka bar shago ba?" Murmushi kawai ya yi, ya ci gaba da jera kayansa.

Wanda ya fara tara maki 10 shi ne ya ci, kuma yawancin makin ba daga yaƙi suke zuwa ba, daga wasu sharuɗɗa ne da ake buɗewa ɗaya bayan ɗaya, kamar mallakar duniyoyi kaza ko kashe dukiya kaza. Na san wannan sarai tun kafin mu zauna, amma da na ga manyan jiragen yaƙi na roba jere a gabana, sai sanin ya bi iska. Duk abin da duniyoyina suka samar, a ƙera jirage na zuba shi.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a tsarin wasan shi ne yadda aka gina ciniki. Kowace al'umma tana da hajar da ba ta da amfani a hannun mai ita, sai an miƙa ta ga wani ɗan wasa sannan ta zama kuɗin da za a iya kashewa, don haka ko wanda ya fi kowa ƙarfi dole ya nemi abokin hulɗa. Dokar kuma ta raba yarjejeniya gida biyu: wadda za a cika nan take, hannu da hannu, ba a warware ta, amma alkawarin abin da za a yi nan gaba babu abin da ya tilasta wa mutum cika shi. Mun karanta wannan sakin da babbar murya kafin a fara, kowa ya gyaɗa kai.

Kafin mu tashi sallar azahar, ni da Alhaji mun yi musayar takardar mubaya'a, wadda take ba wanda ya riƙe ta maki ɗaya muddin bai kai wa mai ita farmaki ba. Na ɗauka na yi dabara, tunda na tsare iyakata ta dama ba tare da na ajiye jirgi ko ɗaya a can ba. Bayan la'asar na tattara rundunata na kori wanda ya fara sauka a Mecatol Rex, wanda sai da ya biya tasiri 6, wato ƙarfin siyasar da duniyoyinsa suke samarwa, kafin a buɗe masa ƙofarta, kuma ba zan ɓoye ba, ƙarar 'ya'yan lido masu fuska goma a kan tebur a wannan karon ta yi mini daɗi ƙwarai.

Sai dai zama a fadar ba ya ba da maki haka kawai. A farkon kowane zagaye kowa yana zaɓar ɗaya daga cikin katunan dabaru guda takwas, kuma katin sarauta, na takwas, shi ne yake ba mai riƙe da Mecatol Rex maki ɗaya. Shugaban majalisa ne yake fara zaɓa, wanda ya ɗauki katin siyasa kuma shi yake naɗa sabon shugaba. A wannan zagayen katin siyasa yana hannun Alhaji. Na matsa kusa da shi, muka yi ƙus-ƙus, na ba shi kuɗin ciniki 3 a kan zai naɗa ni idan lokaci ya yi. Da lokacin ya yi, sai ya ɗauki alamar shugabancin ya ajiye a gaban kansa, ya dube ni ya ce, "Mutumina, ai tare muka karanta dokar."

Har yanzu ina ganin bai kyauta ba, amma ban iya nuna inda ya saɓa ƙa'ida ba, kuma sauran huɗun dariya suka yi ta yi har ɗaya ya ƙware da shayi.

Da aka shiga zagaye na gaba yana da maki 8, ya ɗauki katin sarauta, sai a lokacin muka lura da abin da yake shiryawa. Katin yana ba mutum damar cika sharaɗi ɗaya nan take ba sai ƙarshen zagaye ba, ga shi kuma an buɗe wani sharaɗi mai maki 2 na kashe kuɗin ciniki 10, tulin da ke gabansa kuwa ba ya buƙatar ƙirga. Tunda mai kati na takwas shi ne na ƙarshe a layi, kowannenmu yana da motsi ɗaya tak kafin nasa. Hanya guda ta rage, wato a ƙwace masa wata duniya a gidansa na asali, domin wanda bai mallaki gidansa duka ba, ba ya cin makin sharuɗɗan da aka buɗe wa kowa. Duk idanu suka dawo kaina, ni mai babbar runduna. Na ƙirga fale-falen da yatsa har sau biyu: uku ne tsakanin Mecatol Rex da gidansa, manyan jiragena kuma falle ɗaya suke iya tafiya a motsi guda.

Wajen ƙarfe tara na dare ya tura kuɗin zuwa tsakiyar tebur, yana ƙirga su ɗaya-ɗaya a hankali. Da ya kai bakwai sai ya dakata, ya ware ukun ƙarshe, ya ce waɗannan su ne waɗanda na ba shi, ko ina so in miƙa su da hannuna.